RANAR SHAHIDAN YUGANDA: SAMARIN DA SARKI YA ƘONE A NAMUGONGO

Ran 3 ga watan Yuni na kowace shekara ba a buɗe ofis ko makaranta a ƙasar Yuganda. Ranar hutu ce ta gwamnati, kuma a ranar ne ɗimbin jama'a kan yi cincirindo a wani gari da ake kira Namugongo, kimanin mil goma daga Kampala, babban birnin ƙasar. Abin da ke tara su shi ne tunawa da wasu mutum 45 waɗanda Sarkin Buganda, Kabaka Mwanga na 2, ya sa aka kashe tsakanin shekarar 1885 da ta 1887 saboda sun ƙi barin addinin Kirista. Mutum 22 daga cikinsu 'yan ɗarikar Katolika ne, 23 kuma 'yan Angilikan. Yawancinsu samari ne, barorin fadar sarkin, akwai ma wanda bai wuce shekara 14 ba.

A bisa al'adar Kirista, musamman Katolika da Angilikan, kowane waliyyi yana da ranarsa a cikin shekara, kuma galibi akan ɗauki ranar da ya rasu ne. Akwai kuma waɗanda akan haɗa su rana ɗaya. Manzanni Bitrus da Bulus suna da ran 29 ga Yuni. Wasu mata biyu, Perpetua da Felicity, waɗanda Rumawa suka kashe a birnin Kartaj, inda ƙasar Tunisiya take a yau, cikin shekarar 203, suna da ran 7 ga Maris. Ran 1 ga Nuwamba kuwa ta dukan waliyyai ce baki ɗaya. To, abin da ya sa ranar 3 ga Yuni ta fita daban shi ne ɗariku biyu ne suke bikinta a gari ɗaya, alhali kuwa a lokacin da abin ya faru malaman ɗarikun nan biyu ba su ga maciji da juna.

ADDINI UKU A FADA ƊAYA

Buganda tsohuwar masarauta ce a gefen arewa maso yamma na Tafkin Biktoriya, mai sarki da waziri da hakimai da rundunar jiragen ruwa. Sarautar sarkinsu ita ce Kabaka, wazirinsa kuma Katikkiro. Al'adarsu ce hakimai su aika da 'ya'yansu maza fada su yi wa sarki barance, daga cikin waɗannan yara ne kuma akan zaɓi hakiman gobe. Watau fada ita ce makarantar mulki, duk abin da ya shiga kan yaran fada lalle wata rana zai shiga ƙasa duka.

Musulunci ne ya fara isa wurin. Fatake Larabawa daga Zanzibar sun iso fadar cikin shekarar 1844, zamanin Kabaka Suna na 2. Ɗansa Mutesa na 1 ya koyi karatun Larabci, ya sa aka gina masallatai, ya yi wajen shekara goma yana azumin watan Ramadan, har yakan ja jama'arsa salla. Amma ya ƙi yarda a yi masa kaciya, domin a al'adar Buganda ba a zubar da jinin sarki. Da wasu Musulmi daga Masar suka iso, sai suka ce salla bayan marar kaciya ba ta inganta ba, yankan mahautan fada kuma ba halal ba ne. Samarin fada da suka musulunta sai suka ƙi bin sarki salla, suka ƙi cin namansa. Mutesa ya ɗauki wannan a kan raini, ya sa aka kashe wajen 70 daga cikinsu, wajen shekarar 1876, a nan Namugongo ɗin. Mai karatu zai lura ke nan cewa Musulmi ne suka fara ba da ransu saboda addini a wannan wuri, shekara goma kafin Kirista.

A cikin 1875 wani Bature mai yawon buɗe ƙasa, Henry Stanley, ya ziyarci Mutesa, ya rubuta wasiƙa wadda aka buga a wata jaridar London yana kiran 'yan mishan su zo. 'Yan mishan na Ingila, watau Angilikan, sun iso a 1877, sa'an nan wani injiniya mai suna Alexander Mackay ya biyo su a 1878. Ran 17 ga Fabrairu 1879 sai ga limaman Katolika Faransawa, cikinsu har da Siméon Lourdel, wanda mutanen ƙasar suka laƙaba wa suna Mapeera. Daga nan fada ta zama dandalin muhawara. Balarabe ya faɗi nasa, Ingilishi ya faɗi nasa, Bafaranshe ya ƙaryata Ingilishi, sarki yana zaune yana sauraro, bai kama ko ɗaya ba. Yaran fada kuwa suka duƙufa ga koyon karatu, har aka riƙa kiran sababbin Kirista da sunan "masu karatu".

MWANGA YA HAU GADO

Mutesa ya rasu cikin watan Oktoba 1884, ɗansa Mwanga ya gaje shi, saurayi wanda bai kai shekara 20 ba. Bai gaji dabarar ubansa ta iya zama da baƙi ba, kuma ya hau gado a mugun lokaci. Labari yana ta zuwa cewa Jamusawa sun fara kama ƙasa a bakin teku ta gabas. Waziri Mukasa da tsofaffin hakimai suna ta zuga shi cewa 'yan mishan 'yan share fage ne, sojoji na nan tafe a bayansu. Wazirin ma yana da tasa a ƙasa, domin barori Kirista ne suka tona wata maƙarƙashiya da aka ƙulla wa sarki wadda hannunsa ke ciki.

Ran 31 ga Janairu 1885 aka ƙone yara uku na gidan Mackay, watau Makko Kakumba da Nuwa Sserwanga da Yusufu Lugalama, a Busega. Su ne na farko a cikin 45 ɗin. A cikin wannan shekara kuma wani bishop na Angilikan, James Hannington, ya nufo Buganda ta gabas, ta ƙasar Busoga, hanyar da mutanen Buganda ke ɗauka ƙofar baya ce wadda maƙiyi zai shigo ta cikinta. Mwanga ya aika aka tsare shi, aka kashe shi ran 29 ga Oktoba 1885 tare da yawancin 'yan alaronsa.

Shugaban barorin cikin gida a lokacin shi ne Joseph Mukasa Balikuddembe, ɗan Katolika mai kimanin shekara 25, wanda ya yi jinyar Mutesa har ya rasu. Shi ne ya tsaya gaban sarki ya ce masa kashe baƙo ba tare da an ji ta bakinsa ba zalunci ne, ubansa ma bai taɓa yin haka ba. Ɗan Katolika ke nan yana magana a kan jinin bishop na Angilikan. Ban da wannan akwai wata tsohuwar a tsakaninsu. Mwanga yana da ɗabi'ar neman yaran fada da luwaɗi, Joseph kuwa yakan ɓoye yaran, ko ya aike su wani wuri in ya ga sarki na nemansu. Ran 15 ga Nuwamba 1885 aka yanke masa hukuncin ƙonewa. Babban hauni, Mukaajanga, ya tausaya masa ya sa aka fille kansa tukuna kafin a sa gawar a wuta a Nakivubo. Kafin ya mutu ya bar saƙo a gaya wa sarki ya yafe masa, amma ya tuba. Babbar kasuwar Kampala da ake kira Owino sunansa take ɗauke da shi a hukumance.

Wanda ya ɗauki nauyin yaran bayansa shi ne Charles Lwanga, wani ƙaƙƙarfan saurayi gwanin kokawa, wanda aka yi wa baftisma a daidai lokacin kisan Joseph. Ya ci gaba da koya musu addini a asirce, yana kuma kare su daga buƙatar sarki.

RANAR DA AKA WARE MASU ADDU'A

Cikin watan Fabrairu 1886 gobara ta cinye fadar Mengo, sarki ya koma Munyonyo a bakin tafki. Ran 25 ga Mayu ya dawo daga farautar dorina bai samo kome ba, ya tarar babu barorin da za su tarye shi. Da ya bincika sai ya ji wani yaro mai suna Denis Ssebuggwawo yana koya wa Mwafu, ɗan waziri, addinin Kirista, Mwafu kuwa na cikin yaran da sarki ya fi so. Mwanga ya fusata, ya ɗauki mashi ya yi ta dukan Denis, sa'an nan ya miƙa shi ga hauni. Aka rufe ƙofofin fada don kada kowa ya fita.

A daren nan Charles Lwanga, da ya ga abin da ke tafe, ya yi wa wasu yara baftisma da hannunsa, cikinsu har da Kizito, ƙaraminsu duka, da Mbaga Tuzinde, wanda babban hauni Mukaajanga ke riƙo a matsayin ɗa. Da gari ya waye sarki ya tara hakimai da barori, ya ba da umurni masu addu'a su ware gefe guda. Lwanga ya tashi ya kama hannun Kizito, saura suka bi su, Katolika da Angilikan. Aka tambaye su ko za su bar addinin, suka ce ba za su bari ba. Nan take aka yanke musu hukuncin ƙonewa a Namugongo. Lourdel, wanda ya garzayo fada don ya roƙi sarki, ya tsaya yana kallo aka wuce da su ɗaure da igiya, kuma ya rubuta cewa ya ga Kizito yana dariya kamar wasa ake yi.

Ba dukansu suka kai Namugongo ba. Andrew Kaggwa, shugaban makaɗan sarki kuma amininsa, waziri ya matsa aka sare hannunsa aka fille kansa a Munyonyo ran 26 ga Mayu. An kashe Pontian Ngondwe da Athanasius Bazzekuketta da Gonzaga Gonza a kan hanya, domin al'adar haunin ce su riƙa kashe ɗaya ɗaya a mararraba don tsoratar da jama'a. Noe Mawaggali, maginin tukwane, an soke shi da mashi a Mityana ran 31 ga Mayu, aka ɗaure shi jikin itace aka sakar masa karnuka.

Wanda ya fi kowa shan azaba shi ne Matthias Kalemba Mulumba, dattijo mai kimanin shekara 50, mai riƙe da sarauta da alƙalanci a ƙarƙashin hakimin Ssingo. Ya taɓa musulunta, ya yi karatu wurin Angilikan, daga baya aka yi masa baftisma a Katolika cikin 1882. Da aka iso tudun tsohuwar Kampala sai ya zauna ya ce a kashe shi nan. Aka yanke hannuwansa da ƙafafunsa, aka ɗaure jijiyoyin don kada jini ya ƙare da wuri, aka bar shi cikin rana. Sai da ya kwana uku kafin rai ya yi halinsa.

WUTAR NAMUGONGO

Waɗanda suka isa Namugongo sun yi mako guda a ɗaure, ana tara itace. Ran Alhamis 3 ga Yuni 1886, wadda ta zo daidai da ranar da Kirista ke tunawa da hawan Almasihu zuwa sama, aka fito da su. Mai tsaron wutar tsafi, Ssenkoole, ya ware Charles Lwanga ya ƙone shi shi kaɗai, a hankali, daga ƙafafu. Sauran aka naɗe kowannensu cikin asabari na kara, aka jera su bisa tarin itace, aka ƙara wani itacen a kansu, aka cinna wuta. Mukaajanga ya yi ta lallashin Mbaga ya yarda a ɓoye shi, yaron ya ƙi, sai ya sa aka buge shi da kulki a ƙeya don kada ya ji zafin wuta. 'Yan Katolika 13 ne suka mutu a ranar, tare da 'yan'uwansu Angilikan da aka ƙone a wuta ɗaya. Waɗanda suka ga abin sun ce addu'a aka riƙa ji daga cikin wutar har muryoyin suka ɗauke.

An bar mutum uku da rai a ƙarshe, kamar yadda al'ada ta tanada. Ɗaya daga cikinsu, Denis Kamyuka, shi ne ya ba da yawancin labarin abin da ya faru a makon nan. Na ƙarshe a cikin 45 ɗin shi ne Jean-Marie Muzeeyi, wanda aka fille wa kai a Mengo ran 27 ga Janairu 1887.

Masu tarihi sun yi ta muhawara a kan ainihin dalilin kisan. Wasu sun fi ba da ƙarfi ga maganar luwaɗi, wasu ga tsoron Turawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne, a Buganda ta wancan zamani ba a taɓa jin bara ya ce wa Kabaka a'a ba. A idon Mwanga da wazirinsa yaran nan 'yan tawaye ne masu kai wa baƙi asirin fada. A idon yaran kuwa sarki yana da iko da aikinsu da dukiyarsu, har da ransu, shi ya sa ba su gudu ba kuma ba su ɗaga makami ba, amma akwai abin da ba shi da ikon sa su yi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Sarki ya yi zaton wutar za ta kashe addinin, sai ga shi masu neman baftisma sun ƙaru. A cikin 1888 ya shirya ya kwashe masu karatu duka, Musulmi da Kirista, ya zube su a wani tsibiri cikin tafki yunwa ta kashe su. Asiri ya tonu, Musulmi da Kirista suka haɗa kai suka kore shi daga gado. Amma haɗin bai yi ƙarko ba. Kafin shekara ta ƙare Musulmi sun kori Kirista, sun naɗa Kalema, Kirista kuma suka dawo da yaƙi suka mai da Mwanga ɗin da ya ƙone 'yan'uwansu. Apolo Kaggwa, baran da Mwanga ya taɓa yi wa dukan kawo wuƙa a 1886, shi ya zama waziri, ya kuwa riƙe sarautar har 1926.

Cikin watan Disamba 1890 wani kyaftin na kamfanin Ingila ya iso Kampala da bindiga mai ruwa. Sunansa Frederick Lugard, watau Gwamna Lugga wanda mutanen Arewa suka sani. A watan Janairu 1892 faɗa ya ɓarke a Mengo tsakanin Angilikan da Katolika, Lugga ya goyi bayan Angilikan, suka yi nasara. Shekara shida ke nan ba ta cika ba da aka ƙone 'ya'yan ɗarikun biyu a wuta ɗaya. Ingila ta kafa mulkinta a ƙasar a 1894. Mwanga ya yi wa Turawa tawaye a 1897, suka kama shi a 1899, suka kai shi tsibiran Seshel. A can aka yi masa baftisma a Angilikan da sunan Daniyel, a can kuma ya rasu a 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato.

DAGA ROMA ZUWA NAMUGONGO

Ran 6 ga Yuni 1920 Paparoma Benedict na 15 ya sa 'yan Katolika 22 ɗin cikin jerin masu albarka, matakin da ke gab da walittaka, Denis Kamyuka kuwa yana wurin a Roma. Cocin Katolika takan nemi shaidar wata karama kafin ta tabbatar da waliyyi, kuma wadda aka karɓa ita ce warkewar wasu sistoci biyu daga annoba a Rubaga cikin 1941. Ran 18 ga Oktoba 1964, shekara biyu bayan Yuganda ta sami mulkin kai, Paparoma Paul na 6 ya tabbatar da su waliyyai a gaban bishop-bishop na duniya da suka taru don babban taron Fatikan na biyu. An kaɗa gangunan Afirka cikin majami'ar Bitrus a ranar, kuma a cikin huɗubarsa Paparoman ya ambaci 'yan Angilikan da suka mutu tare da su, ya ce ba za a manta da su ba.

Shi ne kuma ya je Yuganda daga 31 ga Yuli zuwa 2 ga Agusta 1969, karo na farko da wani Paparoma mai ci ya sa ƙafa a Afirka. Lokacin ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, ya gana da wakilan gwamnatin tarayya da na Biyafara a Kampala don neman sulhu, amma bai dace ba. An buɗe babbar majami'ar Namugongo ran 3 ga Yuni 1975. An gina ta da siffar ɗakin bukka, bisa ginshiƙai 22 na tagulla, bagadenta kuma yana daidai inda aka ƙone Lwanga. Wakilin Paparoma da ya buɗe ta, Kadina Sergio Pignedoli, ya taɓa zama a Ikko yana wakiltar Fatikan daga 1960 zuwa 1964. Paparoma John Paul na 2 ya ziyarci wurin a 1993, Paparoma Francis kuma a watan Nuwamba 2015.

Jerin shahidan ƙasar bai tsaya a kan 45 ba. An kashe wasu matasa biyu masu koyar da addini, Daudi Okelo da Jildo Irwa, a Paimol da ke arewacin ƙasar cikin 1918, aka sa su cikin masu albarka a 2002. A watan Fabrairu 1977 kuma aka kashe Akbishop Janani Luwum na Angilikan bayan ya kai wa Idi Amin takardar koke a kan kashe-kashen da sojoji ke yi wa jama'a. Gwamnati ta ce haɗarin mota ne, amma an ga raunin harsashi a gawarsa. Ran 16 ga Fabrairu ta zama ranar hutu don tunawa da shi.

YADDA AKE BIKIN

Tun cikin watan Mayu masu ziyara kan kama hanya a ƙasa, ƙungiya ƙungiya, daga garuruwa irin su Lira da Gulu da Arua, wasu ma daga Kenya da Tanzaniya da Ruwanda da Kwango. Sukan yi mako biyu ko fiye suna tafiya, suna kwana a coci-coci da makarantu, mutanen gari na ba su ruwa da ayaba. Kowace shekara akan ɗora wa wani yanki na cocin Katolika nauyin shirya bikin: Fort Portal a 2022, Jinja a 2023, Nebbi a 2024, Lugazi a 2025. A 2020 da 2021 ne annobar korona ta hana taron jama'a. Akan yi babbar addu'ar Katolika a wata rumfa da ke tsakiyar wani ɗan tafki kusa da majami'ar, mutane kuma kan ɗebi ruwan wurin a jarka su kai gida don tabarruki. 'Yan Angilikan suna tasu addu'ar a Nakiyanja, inda aka ƙone mafi yawan samarin.

'Yan Nijeriya ma kan je ta jirgin sama, musamman 'yan ƙungiyar nan mai ɗauke da sunan Mulumba, wadda wani limamin Katolika, Abraham Ojefua, ya kafa a Anaca a 1953, take kuma da rassa har a Arewa. Duk inda mai karatu ya ga makaranta ko coci mai suna Kizito ko Charles Lwanga, ko ya haɗu da yaro mai irin wannan suna, to, daga Namugongo sunan ya fito.

Mai ziyara a garin zai tarar da wurare uku kusa da juna: majami'ar Katolika, da ta Angilikan mai gidan tarihi inda aka sassaƙa siffar hauni da samarin cikin asabari, da kuma masallacin da aka gina don tunawa da Musulmin da Mutesa ya kashe. Gawar Mwanga kuwa an dawo da ita daga Seshel a 1910, aka binne ta kusa da ta ubansa a hubbaren sarakuna na Kasubi, cikin birnin Kampala.